Muryar Kawu Barmo a Cikin Rumbu

Azumi ya zagayo ya sake faɗowa tsakiyar bazara, daidai inda na san shi ina sabon malamin makaranta. Bana tun hantsi kwalta ke yin laushi a Sabon Gari. Ƴan kabu-kabu sun naɗe kawunansu da jiƙaƙƙen rawani, masu sayar da ƙanƙara kuwa sun zama manyan mutane, sai ka gaishe su da ladabi kafin su ɗaga ido su dube ka. Ni da na ajiye alli tuni, aikina kwanciya ƙarƙashin bantilate, wato fanka, da roƙon Allah kada a ɗauke wuta. Ina cikin wannan kwanciya shekaranjiya wayata ta yi ƙara. Wata yarinya ce daga Yamai, mai ladabi, ta ce kamfaninsu ya samo tsofaffin kaset na wani littafi da na karanta da Hausa shekaru talatin da wani abu da suka wuce, za su gyara su zuba a waya mutane su riƙa saurare. Ta ce muryata tarihi ce. Ta ce za ta sake kira don neman yardata.

A waccan shekarar wani poroje na taimakon ƙasashen waje ne ya buɗe buro, wato ofis, a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Shugabansa Mushe Abdu, kamar yadda ake kiran manyan ma'aikata da Faransanci, Bahaushe ɗan uwanmu, amma irin waɗanda ke ɗaura karabat a wuya ko da rana na fasa dutse. Shi ya aiko aka kira ni, don an gaya masa ina da murya. Ya ce akwai wani babban littafi da wani Nasara ya rubuta kan zamanin mulkinsu, ana mayar da shi Hausa a Yamai, suna so a karanta shi a kaset a raba wa ƙauyuka, waɗanda ba su yi lakkol ba, ba su san boko ba, su ma su ji. Na san sunan littafin. A makaranta an sha gaya mana shi ne ya tona asirin mulkin mallaka, ko da yake shafi ɗaya tak muka taɓa gani. Na karɓi aikin da murna. Takardun fassarar kuwa kaɗan-kaɗan suke zuwa a mota, kowane mako da nasa, don haka ni kaina ban san inda labarin zai ƙare ba.

Mushe Abdu ya ba ni rakoda da mikoro da kwalin pil, wato batura, ya ce in nemi wuri shiru. Ina za a sami shiru a Maraɗi? Na gwada ɗakina, maƙerin bayan gidanmu ya shiga kaset daga farko har ƙarshe. Na gwada aji bayan an tashi, lasifikar tafsiri ta rufe ni. In na rufe taga zufa ta jiƙa takarda, in na kunna bantilate mikoro ya kwashe kukanta. Ina wannan ƙorafi mahaifiyata ta ce, cikin raha, in shiru nake nema in tafi Jiratawa, rumbun yayanta babu kowa ciki, ko ɓera ya yi ƙaura.

Gaskiya ta faɗa. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, aka girbe kara. Tun kafin sanyi ya wuce rumbuna suka yi wayam. Garin kwaki na Najeriya ya zama abincin gari, ana jiƙa shi da ruwa da gishiri, wanda ya sami ƙuli-ƙuli ya barbaɗa ya yi sa'a.

Kawu Barmo, yayan mahaifiyata, tsoho ne dogo wanda wuyansa ba ya juyawa. In ka kira shi daga gefe sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Tsakiyar kansa babu gashi, fatar wurin ta yi kanta. Kowa a dangi ya san yana saurayi an kama shi aikin tilas, ya yi shekaru yana ɗaukar kayan kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, a kai in za a fita rangadi. Iyakar abin da muka sani ke nan, don bai taɓa buɗe baki ya ba kowa labari ba, har matarsa Inna Hajo. Na same shi zaune gindin itacen bedi, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Littahin mi ne?"

"Labarin wani kumandan ne, Kawu, da rangadin da ya yi da masu ɗaukar kaya."

Ya juyo da jikinsa duka ya dube ni. "Da masu ɗaukar kaya a ciki?"

"Da su."

"Suna magana?"

Na ce ai littafin don su aka yi shi, dole su yi magana. Haka aka koya mini, haka na yarda.

Ya ce, "To shiga. Rumbun ma shi samu abin da za shi riƙe bana."

Kullum da asuba ina yin sahur da kunu mai ruwa-ruwa, in yi salla, in ɗaure rakoda a bayan mobilet, ɗan babur ɗina, in kama hanya tun gari bai waye ba. Gulbi ya bushe ƙarau, yashi kawai da ramukan da mata suka tona suna kwalfar ruwa da ƙoƙo. Ina isa sai maƙwabcin Kawu, Illa, ya jingina tsani, mu ture hular rumbun gefe kaɗan yadda haske zai sauko, in hau in dira ciki, ya zuro mini rakoda da igiya. Ciki akwai warin tsohon gero da ƙaiƙayi mai shiga wuya. Amma murya! Ban taɓa jin muryata ta cika ta yi kauri kamar a cikin wannan rumbu ba.

Da safe ana iya jurewa. Da rana ta ɗaga, bangon laka ya fara mayar da zafin da ya sha, sai in tuɓe riga in zauna daga ni sai wando. Zufa na bin gwiwar hannu tana ɗiga a ƙasa. Wanda bai taɓa karatu da ƙarfi yana azumi ba bai san abin da ake kira ƙishirwa ba. Miyau ya ƙafe, harshe ya manne da ganɗa, in na buɗe baki sai ya yi ɗas, mikoro kuwa ba ya yafe ko wannan. Sai in tsaya, in mayar da kaset baya, in sake layin. Pil kuwa na tafiya, kuma Mushe Abdu ya ce daga wannan kwalin babu wani.

Gidan gaba ɗaya ya shiga aikin ba tare da an roƙe su ba. Inna Hajo ta mayar da ɗan dakanta zuwa bayan la'asar, ta bi maƙwabta ta roƙe su su ma su jinkirta nasu. Illa yana jan jakinsa can bayan gari ya ɗaure. Mata na korar zabi da zani ba tare da sun ce uffan ba. Ana magana da hannu, ana tafiya a hankali, kamar akwai mai jinya a gidan. Kawu kuwa ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a gindin rumbu, ya jingina kunne da bango. Inuwa ta kau, rana ta same shi, ba ya motsawa.

In na fito da azahar, jiri na ɗibata, tambayarsa ɗaya ce.

"Lawali, yau mun yi magana?"

"Tukuna, Kawu."

"To. Gobe ma rana ce."

Makon farko ban damu ba, na ce shimfiɗa ce. Amma shimfiɗar ta ƙi ƙarewa. Kumandan ya sauka daga jirgin ruwa, zafi ya dame shi. Kumandan yana kewar garinsu. Kumandan yana da doki, dokin yana da suna, yana da hali, har ranar da ya ƙi cin harawa sai da aka yi mana shafi guda kan damuwar mai shi. Kumandan mutum ne mai tausayi, abin da ƴan uwansa Nasaru ke yi yana hana shi barci. Masu ɗaukar kaya kuwa suna nan, ba za a ce babu su ba. Sun tashi, sun jeru, sun yi waƙa da ba a fahimta, sun zauna, suna wari. A baya suke kullum, tare da ƙura. Ina karantawa ina jin raina na ɓaci, kuma dole in sa daɗi a murya, don aikin da aka ba ni ke nan.

Akwai wani mataimakin kumandan a labarin, shi ne mugun, shi aka ba zagi. Ranar da na fara karanta maganarsa, na fito na tarar da Inna Hajo tsaye riƙe da haɓa.

"Kai Lawali, wanga ashar da kake zubawa cikin rumbunmu, azuminka na nan kuwa?"

"Inna, ba ni ba ne, mutumin littahi ne."

"Da bakin wa ya hito?"

Ta ce in an yi sabon gero sai ta yi wa rumbun hayaƙi kafin a zuba. Kawu ya ce ta bar ni, wanda ke zagi ai ana jin sa tun da can, shi waɗanda ake zagin yake jira.

Da la'asar sakaliya nake kwanciya gindin bedi in jira magariba, don ba ni da ƙarfin tuƙa mobilet. Buɗa baki a gidan Kawu ruwan randa ne, sai kunun da in ka leƙa ƙwarya kana ganin fuskarka, sai kwaɗon tafasa da garin kwaki a akushi ɗaya. Nakan zo da ɗan sukari ko dabino daga gari, Inna Hajo ta raba har gidan Illa. Kawu kan ɗauki loma biyu ya janye hannu, ya ce mai karatu ya fi bukata, shi zaune ya wuni. Kurɓin farko na ruwan nan, har yau in na rufe ido ina jin saukarsa, da ɗanɗanon laka da sanyinsa.

Wajen tsakiyar wata hadari ya haɗu ta gabas. Gari ya yi duhu, iska ta taso ta kusa ɗauke hular rumbu ina ciki. Na fito na ga mutane tsaye a ƙofar gidajensu sun ɗaga kai sama. Aka yi yayyafi, ɗigo manya-manya, ƙasa ta yi ƙamshin da ke sa mai azumi ya haɗiyi miyau. Shi ke nan. Iska ta kwashe hadarin ta yi wajen Tibiri da shi, can ma muka ji ba a samu ba. Washegari zafin ya dawo har ya fi na da.

A makon nan ne aka zo wurin da wani mai kaya ya faɗi a hanya ya mutu. Na gyara zama, na ce yau kam. Sai littafin ya ce ɗaya daga cikinsu ya faɗi, aka raba kayansa wa sauran. Layi ɗaya. Daga nan aka koma kan kumandan, yadda abin ya taɓa masa zuciya, yadda ya kasa cin abincin dare, yadda ya tambayi kansa ko shi mutumin kirki ne. Na karanta har ƙarshe, na kashe rakoda, na tofar da abin da babu a bakina.

Kawu ya ce, "Wanda ya hwaɗi ɗin nan, mi sunanshi?"

"Ba a hwaɗi ba, Kawu."

"Ɗan wane gari ne?"

"Ba a hwaɗi ba."

"Dokin hwa, mi ka ce sunanshi?"

Na sunkuyar da kai. Ya naɗe buzunsa. Na zaci ya haƙura. Da safe na tarar ya riga ni zuwa gindin rumbu.

Takardun ƙarshe sun iso ana saura kwanaki kaɗan salla. Kumandan ya ajiye aiki, ya hau jirgi, ya tsaya yana kallon gaɓa yana hawaye, littafi ya ƙare. Babu mai kayan da ya buɗe baki, ko a ba ni ruwa ba wanda ya ce. Wannan shi ne littafin da aka ce ya tona asiri. Asirin da ya tona shi ne mai bulala ma yana da zuciya, sai mu tausaya masa. Na zauna cikin zufa ina jin ƙyamar littafin, da wanda ya rubuta shi, da malaman da suka yaba mana shi.

Na fito ban jira tambaya ba. Na ce, "Kawu, ya ƙare. Ba mu yi ba."

Ya nuna rakodar da haɓa. "Abin nan ya cika?"

Na ce akwai sauran wuri a bayan kaset na ƙarshe, da ɗan abin da ya rage a pil.

"To a sa ni ciki."

Inna Hajo ta yi salati, ta ce tsoho mai azumi da rana tsaka, so yake ya mutu a rumbu? Bai ko dube ta ba. Ni da Illa da wani maƙwabci muka ɗaura masa igiya a ƙirji, muka tura shi kan tsani taki-taki, muka zura shi ciki kamar buhu. Na bi shi na gyara masa mikoro, na danna, ya yi mini alama da hannu in fita. Na hau na fito, na zauna kan buzunsa na jingina kunne da bango inda yake jinginawa.

Bangon yana da kauri, kuma muryar tsoho ba irin tawa ba ce. Guntu-guntu nake tsinta. Na ji yana jero sunayen mutane da na garuruwansu, Tibiri, Jiratawa, da wasu da ban sani ba. Na ji ya ambaci bahon ƙarfe, da ruwan wanka da suke ɗauka a kai alhali ba a yarda su kurɓa ba. Wani wuri ya yi dariya. Wani wuri ya yi shiru har na tsorata na miƙe, sai ya ci gaba. Inna Hajo na tsaye bayana, ta rufe baki da gefen zani. Da muka fito da shi rigarsa sharkaf take, idonsa ja, amma fuskarsa a sake. Da magariba ranar ya cinye rabonsa tas.

Pil ya mutu, ban samu na saurara ba. Washegari na kai wa Mushe Abdu kaset duka, na gaya masa abin da ke bayan na ƙarshe da wanda ya yi maganar. Ya ce abin sha'awa, za a duba a Yamai. Yana faɗa yana gyara karabat.

Bayan salla da ƴan makonni kaset suka fito cikin kwali mai hoton Nasara bisa doki. An fara ruwa a lokacin, an yi shuka, amma yunwa ta fi tsanani, don ɗan abin da ya rage an zuba shi a rami. Duk da haka Kawu ya aika aka gaya wa tsofaffin gari, har da wasu biyu daga Tibiri da suka yi aikin tilas tare, suka tako da ƙafa. Ya sa rigar sallarsa. Aka shimfiɗa tabarmi gindin bedi bayan la'asar, na sayo pil, na sa kaset na ƙarshe. Suka saurari kumandan yana hawaye a jirgi da muryata. Kawu ya ɗaga hannu ya ce yanzu ne, a yi shiru.

Sai kiɗan gurmi ya tashi. Bayansa muryar Mushe Abdu, a hankali, da ƙasaita, yana godiya ga ƙasar da ta ba da taimako, da ofishin jakadancinta, da iyalan marubucin da suka yi karamci suka yarda, da daraktoci ɗaya bayan ɗaya, kowa da cikakken sunansa da muƙaminsa. Da Hausa, sannan ya maimaita da Faransanci. A kan maganar Kawu suka ɗora godiyar. Ko sabon kaset ba su nema ba.

Godiya ta ƙare. Kaset ya yi ƙit, ya ci gaba da shuuu. Sai ga muryar Kawu, ƙarara, cike da rumbu, ɗan wutsiyar da gogewar ba ta kai gare shi ba:

"Shi ke nan, Lawali. Kashe abin."

Ba wanda ya dubi wani. Ɗaya daga cikin tsofaffin Tibiri ya shiga neman takalminsa. Kawu ya juyo da jikinsa duka ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "To, ka ji. Mun yi magana."

Na je buro washegari na yi ta faɗa har masu gadi suka taru. Mushe Abdu ya ce in kwantar da hankalina, wannan babban adabi ne, ba a ƙara masa surutun tsofaffi, kuma ba ya cikin yarjejeniya. Na koma Jiratawa da sabon kaset na roƙi Kawu ya sake. Ya ce kaya sau ɗaya ake sauke shi, ya sauke. Bai kai wata bazarar ba ya rasu. Rumbun ya cika da gero a wannan kaka, Inna Hajo kuwa sai da ta yi masa hayaƙin da ta ce.

Yanzu ba mai shiga rumbu don neman shiru. An ce ɗaki ne mai sanyi, da ruwa a gora kusa da hannunka, in harshenka ya yi ɗas inji ya cire. Jiya bayan la'asar yarinyar nan ta Yamai ta sake kira. Ta ce sun gama gyara, sai na ji yadda muryata ta fito tas. Sun cire kukan iska, sun cire wani jaki da ya shiga wuri guda.

Ta ce, "Har ma a can ƙarshe, Baba, akwai wani tsoho da ya yi magana bisa kuskure, shi ma mun share shi. Yanzu babu datti ko kaɗan."

Na tambaye ta ko sun bar godiyar.

"Ƙwarai kuwa, Baba, ai ita tana cikin aikin."

Na ɗaga wayar daga kunnena na dube ta. Bantilate na juyawa, maƙogwarona a bushe, magariba da saura. Ina jin ƴar muryarta tana ta kira, alo Baba, alo, kana ji na, ka yarda mu sa? Na mayar da wayar kunne.

Na ce, "Ban yarda ba. Shi ke nan, ɗiyata. Kashe abin."